Gida, Dangi da Harshe a La Villita: Zaman Yau da Kullum a Unguwar 'Yan Meksiko ta Birnin Shikago

Gabatarwa

Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan zaman yau da kullum a wata unguwa da ke kudu maso yammacin birnin Shikago, a jihar Ilinoi ta ƙasar Amurka. Hukuma ta san unguwar da sunan South Lawndale, masu jin Ingilishi kan kira ta Little Village, mazaunanta kuwa su ce La Villita, watau ɗan ƙaramin gari. Ƙidayar 2020 ta sami mutum dubu 71 da ɗoriya a cikinta, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari 'yan asalin Latin Amurka ne, galibinsu 'yan asalin Meksiko da 'ya'yansu da jikokinsu. Duk mai bayar da labarin wannan unguwa yakan siffanta ta da abu biyu, ya ce tana da arha, kuma ta masu iyali ce. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne cewa waɗannan siffofi a haɗe suke, domin zaman dangi ne ke sauƙaƙa wa mutum tsadar birni, arhar gidajen kuma ita ta ba dangin damar zama wuri guda. Za a kuma duba abin da mazauna ke biya a madadin arhar, tun da yake ba kyauta suke samunta ba.

Da Sifaniyanci ana kiran irin wannan unguwa barrio. Masana asalin kalmomi sun mai da kalmar zuwa Larabcin Andalus, inda barri ke nufin abin da ke wajen gari. Wanda ya san yadda Kanawa ke rarrabe Birni da Waje ba zai sha wahalar gane ma'anar ba. Ba ita kaɗai Sifaniyanci ya ara daga Larabci ba: alcalde, watau magajin gari, tushensu ɗaya da alƙali na Hausa.

Asalin Unguwar

Ba 'yan Meksiko suka kafa La Villita ba. Bayan babbar gobarar Shikago ta 1871 birnin ya bazu yamma, sai Jamusawa da mutanen Folan, da musamman mutanen Bohimiya ta ƙasar Cek ta yau, suka cika wannan yanki saboda aikin masana'antu, irin su kamfanin injunan girbi na McCormick da na kayan tarho na Western Electric da ke garin Cicero a makwabta. A nan Anton Cermak ya zauna, wanda ya zama magajin garin Shikago a 1931, aka harbe shi a 1933, aka kuma sa wa babban titin arewacin unguwar sunansa. Yawancin gidajen bulo da ake ciki yau waɗannan mutane suka gina su.

Daga shekarun 1950 'ya'yan Turawan suka fara ƙaura zuwa sababbin unguwannin bayan gari. A daidai wannan lokaci aka rushe wata tsohuwar unguwa kusa da tsakiyar birni domin gina manyan hanyoyi da harabar Jami'ar Ilinoi, wadda aka buɗe a 1965. 'Yan Meksikon da aka tasa suka koma unguwar Pilsen, daga nan suka gangara yamma. Sunan Little Village kansa 'yan kasuwar yankin ne suka raɗa shi a tsakiyar shekarun 1960, don su raba kansu da North Lawndale da ke ƙetaren layin dogo, wadda a lokacin ta zama ta baƙaƙen fata. Ke nan sunan da aka ƙirƙira don riƙe Turawa, baƙi ne suka gaje shi, suka juya shi zuwa harshensu. Kafin 1980 su ne masu rinjaye. Da yawansu daga jihohin Michoacán da Jalisco da Guanajuato da Durango suka fito, kuma sau da yawa mutanen ƙauye guda ne ke bin sawun juna.

Gida

Ba za a fahimci wannan unguwa ba sai an fahimci irin gidanta. Fili a Shikago bisa al'ada faɗinsa ƙafa 25 ne, tsawonsa ƙafa 125, da lungu a baya inda ake ajiye shara da mota. A kan irin wannan siririn fili aka gina bene mai hawa biyu ko uku, kowane hawa sashe ne mai cin gashin kansa, da falo da ɗakunan kwana biyu ko uku da kicin da makewayi. A ƙasa kuma akwai ɗakin ƙarƙashin ƙasa, wanda tun asali wurin tukunyar ɗumama gida ne da wanki. Magina na farko sun tsara shi ne yadda ma'aikaci zai zauna a hawa ɗaya, ya ba da ɗaya haya, kuɗin hayar ya riƙa biyan bashin banki.

Da gidan ya faɗo hannun 'yan Meksiko sai ya dace da tsarin zamansu kamar don su aka yi shi. Alal misali, maigida da matarsa su zauna a hawan farko tare da tsohuwarsu. Ɗansu da ya yi aure ya hau sama da iyalinsa, yana biyan haya ƙasa da ta kasuwa. Ɗakin ƙasa a gyara shi, a sa ƙanen matar da ya iso daga gida bara, ko wani ɗan garinsu da abokan aikinsa biyu. Albashi huɗu ko biyar ne ke ɗaukar nauyin rufi ɗaya, alhali babu ko ɗaya cikinsu da zai iya ɗauka shi kaɗai. Kaka na renon jikoki, don haka ba a biyan kuɗin gidan reno, wanda a Amurka kan cinye babban kaso na albashin mace. In famfo ya lalace ko rufi ya yi yoyo, akwai magini ko mai aikin famfo cikin surukai. Wanda kuma ya sauka a ɗakin ƙasa, maigidan ne zai kai shi inda ake ɗaukar ma'aikata, ya tsaya masa har ya san gari. Bayan shekara goma ko sha biyar shi ma yana iya sayen nasa benen, ya saukar da wani.

Sai dai kada a ɗauka wannan zama jin daɗi ne zalla. Ɗakunan ƙasa da yawa ba su da izinin hukuma, ga sanyi da laima, in an yi ruwa mai yawa kuma magudana kan yi ambaliya a cikinsu. Wanda ke haya a hannun kawunsa ba ya da bakin kai ƙara. Yarinya mai jarrabawa kan yi karatunta a teburin kicin, ana girki a kanta. Masu yabon zumuncin mutanen Latin Amurka kan manta cewa rabin zumuncin nan larura ce ta haife shi, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka sami hali sukan fice zuwa Cicero ko Berwyn su nemi gida mai fili.

A gaban kusan kowane gida akwai shingen ƙarfe da 'yan matakala. Da bazara nan ne dandalin unguwa: tsofaffi a kan matakala, yara a bakin titi, a ɗan filin gaba kuma furanni da barkono da tumatir, wani lokaci da ɗan mutum-mutumin Maryamu ta Guadalupe. Da hunturu, wanda ya sha wahalar kwashe dusar ƙanƙara daga inda yake ajiye mota sai ya kafa tsohuwar kujera a wurin, alamar an kama. Wannan al'adar Shikago ce baki ɗaya, 'yan Meksiko tarar da ita suka yi.

Titi na 26

Ranar aiki a La Villita tun kafin asuba take farawa. Da ƙarfe huɗu ko biyar ƙananan motocin haya na kwasar leburori zuwa sito-sito da masana'antun sarrafa abinci a bayan gari. Yawancinsu kamfanonin samar da ma'aikatan wucin gadi ne ke ɗaukarsu, kuma daga ɗan abin da suka samu ake cire kuɗin motar. A kusurwoyin titi mata sun riga sun kafa tukwane suna sayar da tamales, watau ƙullin masara da nama da yaji da ake turarawa cikin ɓawon masara, tare da atole, wani kunun masara mai zafi. Da hantsi sai a ga iyaye mata da kakanni suna raka yara makaranta a ƙafa.

Ƙashin bayan unguwar shi ne titi na 26, mai tsawon kimanin mil biyu. A bakinsa na gabas akwai wata babbar ƙofa mai baka da aka gina a 1990 bisa zanen Adrián Lozano, da rubutun maraba da Sifaniyanci, da agogon da shugaban Meksiko Carlos Salinas de Gortari ya bayar a 1991. A 2022 birnin ya sa ta cikin gine-ginen tarihi. Daga nan zuwa yamma ɗaruruwan kantuna ne a jere: gidajen burodi, mahauta, masu yin tortilla, waina ce ta masara mai faɗi wadda ba a cin abinci sai da ita, masu sayar da takalman fata da malafa irin ta makiyayan Meksiko, masu maganin gargajiya, da ofisoshin aika kuɗi gida. Ana yawan cewa in an cire titin Michigan na tsakiyar birni, babu titin da ya kai wannan ciniki a Shikago. Ranar Asabar da Lahadi 'yan Meksikon da ke zaune a jihohin makwabta kan tuƙo mota su zo sayayya. Da yamma kuma ga mai dafaffiyar masara da yake shafa wa mayonis da cuku da barkono da lemon tsami, ga mai ƙanƙarar 'ya'yan itace yana tura kura yana kaɗa ƙararrawa. Shekaru da dama 'yan sanda na cin waɗannan masu kura tara, sai a 2015 majalisar birni ta halatta sana'ar, ko da yake sharuɗɗan lasisin sun fi ƙarfin da yawansu.

Abin da kan ɗaure wa baƙo kai shi ne yawan kantunan manyan riguna masu kama da na amare. Na quinceañera ne, bikin da ake yi wa yarinya in ta cika shekara goma sha biyar, da addu'a a coci da liyafa da rawa. Mai lissafi zai ce lebura ba shi da abin yin irin wannan biki, kuma gaskiyarsa, domin ba shi kaɗai yake yi ba. Ana rarraba nauyin ne ga padrinos, watau iyayen biki: wannan ya ɗauki riga, wancan kek, wani makaɗa, wani hoto. Asalin abin daga baftisma ne, inda iyayen jariri da wanda ya tsaya masa ke zama compadre da comadre ga juna, dangantakar da ke da nauyi kamar ta jini har mutuwa. Wanda aka roƙa ya ɗauki kek bana ya san wanda zai nema ranar da tasa 'yar ta kai. Haka ma tanda, wadda ba ta da bambanci da adashi: mutum goma ko ashirin su riƙa zubi kowane mako, ɗaya ya kwasa. Ga wanda ba shi da takardun zama, kuma yake tsoron banki, nan ne jarinsa na sayen kura ko biyan kuɗin kama haya.

Shekara kuma tana da nata zagaye: faretin ranar 'yancin Meksiko a Satumba, tunawa da matattu a 1 da 2 ga Nuwamba, waƙoƙin asuba a coci ranar 12 ga Disamba don Maryamu ta Guadalupe, sa'an nan zagayen gida-gida na posadas daga 16 zuwa 24 ga watan.

Harshe

Mutum na iya shekara talatin a La Villita bai buƙaci Ingilishi ba, in dai daga gida sai coci sai kasuwa sai wurin aikin da shugabansa ɗan garinsu ne. Ingilishi na shigowa ne ta makaranta da asibiti da kotu da wasiƙun hukuma. A nan ne yaro ɗan shekara tara ko goma ke zama tafinta, ya tsaya tsakanin uwarsa da likita, ko ya karanta wa ubansa takardar sallama daga aiki. Wannan na jirkita tsarin girma a gida. Yaron da aka koya wa ya ce wa babba usted, wakilin sunan girmamawa, kada ya ce tú, ya kuma sa don ko doña kafin sunan dattijo, shi ne kuma ke riƙe da sirrin da bai kamata ɗa ya sani ba.

Sifaniyancin unguwar ya ari kalmomi daga Ingilishi ya sa musu rigarsa, kamar yadda Hausa ta yi da mota da tebur. Ana cewa troca ga motar ɗaukar kaya, lonche ga abincin rana, yarda ga filin gida, parquear ga ajiye mota, biles ga takardun biyan wuta da ruwa, beisman kuma ga ɗakin ƙasan nan da aka ambata. In aka lura, kusan dukansu kalmomin aiki ne da gida da kuɗi, watau wuraren da baƙo ya fara cin karo da sabuwar ƙasa. Kalmomin dangantaka da addini da girki ba su motsa ba.

Tun 1973 dokar Ilinoi ta tilasta koyarwa da harshe biyu a duk makarantar da ke da yara ashirin ko fiye masu harshen gida ɗaya waɗanda ba su ƙware a Ingilishi ba. Amma manufar dokar gada ce zuwa Ingilishi, da yaro ya ƙetare sai a janye harshen gida. Binciken Kim Potowski a kan matasan Shikago ya nuna abin da aka saba gani: waɗanda aka haifa a can da iyaye da kakanni suke Sifaniyanci, tsakaninsu da ƙanne da abokai kuwa Ingilishi ya fi yawa. Saboda haka kakar da ke hawan farko, da baƙon da ke ɗakin ƙasa, su ne ke riƙe da harshen a gidan. In baƙi suka daina zuwa, kaka kuma ta rasu, jika zai ji amma ba lalle ya mayar ba.

Abin da Ake Biya

Arhar La Villita tana da dalili, kuma ana ganinsa da ido. A gabashinta, a mahaɗar titi na 26 da California, gidan yarin gundumar Cook yake tun 1929, ɗaya daga cikin mafiya girma a Amurka, har ma fursunoninsa na cikin adadin ƙidayar da aka kawo a sama. A kudu akwai magudanar ruwan masana'antu da babbar hanya da jerin manyan motoci. Tashar lantarki ta Crawford ta yi ta ƙona kwal a gefen gidajen mutane tun shekarun 1920. Wani bincike na Jami'ar Harvard a farkon shekarun 2000 ya ƙiyasta cewa ita da takwararta ta Pilsen na jawo mutuwar mutum kimanin arba'in a shekara, ban da dubban tashin asma. Ƙungiyoyin unguwa sun yi fiye da shekara goma suna fafutuka kafin a rufe ta a 2012. Ranar 11 ga Afrilu 2020, ana tsakiyar annobar korona, aka rushe dogon bututun hayaƙinta, ƙura ta lulluɓe gidaje. Akwai kuma gungun 'yan daba biyu da suka raba unguwar gabas da yamma tun shekaru da dama, har saurayi kan yi lissafin titin da zai ƙetare.

Abin da unguwar ta samu daga hukuma, yawanci da ja-in-ja ta same shi. Da aka yi alkawarin gina makarantar sakandare aka saɓa, mutum goma sha huɗu, galibinsu iyaye mata da kakanni, suka kafa tanti a filin ranar 13 ga Mayu 2001, suka yi kwana goma sha tara suna yajin cin abinci. An buɗe makarantar a 2005. Filin shaƙatawa na La Villita da aka buɗe a 2014 a kan gurɓataccen filin tsohuwar masana'anta aka yi shi, bayan an binne gubar.

Hujja mafi ƙarfi a kan amfanin irin wannan zama ta fito ne daga wata masifa. A watan Yuli 1995 zafi ya kai digiri 41 a Shikago, mutum fiye da 700 suka mutu cikin mako guda, yawancinsu tsofaffi masu zaman kaɗaici. A littafinsa Heat Wave na 2002, masanin zamantakewa Eric Klinenberg ya kwatanta unguwannin nan biyu da layin dogo ya raba, waɗanda tsofaffinsu ke da kusan talauci ɗaya. A North Lawndale mutum 19 suka mutu, watau 40 cikin dubu ɗari. A South Lawndale mutum 3, watau 4 cikin dubu ɗari. Bai yarda a jingina bambancin ga al'ada kaɗai ba. North Lawndale ta faɗo daga mutum kusan dubu 125 a 1960 zuwa ƙasa da dubu 50 a 1990, masana'antu sun tashi, kantuna sun rufe, kangwaye sun yi yawa, tsoho na tsoron buɗe taga balle fita. A La Villita kuwa titi cike yake, tsoho na iya takawa ya shiga kanti mai sanyi, in kuma ba a gan shi ba za a ƙwanƙwasa masa ƙofa. Mitchell Duneier ya soki wannan bayani a 2006, yana cewa ba a bi diddigin mamatan ɗaya bayan ɗaya ba, kuma sukar tana da tushe. Amma tazarar alƙaluman ta yi faɗin da ba za a kau da kai daga gare ta ba.

Shekara ashirin da biyar bayan haka sai abin ya juya. A farkon annobar 2020 yankin na cikin waɗanda cutar ta fi kamawa a jihar baki ɗaya. Mutanen da aikinsu ba ya yiwuwa daga gida sun ci gaba da cika motocin asuba, su dawo benen da kaka da jika ke shaƙar iska ɗaya, babu ɗakin da za a keɓe mara lafiya. Cunkoson da ya tsare tsofaffi a 1995 shi ya kai musu cuta har gado.

Yawan mutanen unguwar ya ragu daga dubu 91 a ƙidayar 2000 zuwa dubu 71 a ta 2020, saboda shigowar baƙi daga Meksiko ta ja baya, haihuwa ta ragu, masu hali kuma sun fita. Kuɗin gida da harajinsa na hawa, kuma mazauna na kallon abin da ya sami Pilsen, inda masu kuɗi suka saye benaye suka mai da su gidan iyali ɗaya. A 2023 aka tashi 'yan tireda da dama daga babbar kasuwar rumfuna ta titi na 26 bayan an sayar da filin. A gida guda kuma ana iya samun uba marar takarda, da uwar da ta sami izini a afuwar 1986, da ɗan da ke ƙarƙashin kariyar wucin gadi ta 2012, da jikar da aka haifa 'yar ƙasa. Da jami'an shige da fice na tarayya suka tsananta samame a Shikago daga Satumba 2025, masu kura da yawa suka daina fitowa, ciniki ya faɗi a titi na 26, 'ya'yan da ke da takarda suka karɓi cefane da rakiyar ƙanne makaranta. Makwabta kuma suka rarraba usur gida-gida, suka yi yarjejeniya cewa gajeren busa na nufin an hango motar jami'ai, dogon busa kuwa an kama wani.